Gwangwanin Layuka a Kasuwar Gure

Na yi shekara huɗu ina aiki a wani kamfanin salula a Yamai, Inna ba ta san abin da nake yi ba, kuma ba laifinta ba ne. Duk zuwan da na yi Gure sai maƙwabta su taru da wayoyinsu, wannan ta daina ƙara, waccan gilashinta ya fashe. In na ce ban iya gyaran waya ba, sai su dubi Inna da tausayi, irin kallon da ake yi wa wadda ta kai ɗiya lakwal, karatun boko shekara ashirin, ta dawo mata hannu rabbana. Rannan dai ta ritsa ni a madafa ta ce, "To ke ba ki gyara, ba ki saidawa, ba ki hawan ƙarfe. Me suka ajiye ki ki yi musu?"

Na ce mata ta ɗauki kamfanin kamar gidan gado, wanda kowa ya zo ya gina ɗakinsa ya fitar da ƙofa inda ya ga dama. Akwai ɗakin da ke riƙe sunayen masu layi. Akwai mai ƙirga kira. Akwai mai lura da dogayen ƙarafan nan da ake kira antan. Kowane ɗaki da nasa ordinatoci, wato kwamfutoci, kuma babu mai jin yaren wani. Aikina shi ne in zana gidan yadda yake yau, in zana yadda ake so ya koma nan da shekara biyar, sannan in faɗi bangon da za a fara fasawa da wanda za a bari sai daga baya, duk ba tare da an fitar da mutanen gida waje ba. Inna ta juya tuwonta ta ce, "Ashe magini na haifa. Magini da ba ya taɓa laka."

Ni mutum ce mai son abu ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Tun ina ƙarama, in an aike ni kwari ɗebo dabino, sai na jera su girma-girma kafin in ɗauko. Ga saurin fushi, wannan kam a wajen Inna na gado shi, ko da yake ba ta yarda ba. Saboda haka aikin ya dace da ni. Na yi wata takwas ina faɗa da shugabannin sassa a kan abu guda, cewa dole kowane mai layi ya zama mutum ɗaya a idon dukan ɗakunan, ba ya zama mutum uku da suna uku ba. Wasu sun daina gaishe ni a kan matakala. Ban damu ba, don na tabbata ni ke da gaskiya.

A wata damina aka fasa bango na farko. Ɗakin sunaye da ɗakin ƙirga kira da ɗakin antan suka fara ganin juna. Ba a yi kwana uku ba sai ga shugaban sashen kama masu zamba ya shigo reniyo, wato taron shugabanni, da takarda a hannu, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ce sabon tsarin ya yi kamu. Ya samo waya guda ɗaya, tsohuwa, a wuri guda, wadda layi ɗari da ɗoriya ke shiga cikinta bi da bi, sau ɗaya a wata. Kowane layi ya yi kira na ɗan lokaci kaɗan, zuwa lamba guda, ya sake mutuwa sai wata mai zuwa. Ya ce wannan aikin ɓarayin kira ne, masu tara layuka su riƙa shigo da kiran ƙasashen waje ta bayan gida kamar kiran cikin gari. Aka yanke cewa a ƙarshen wata za a rufe layukan duka, a mayar da lambobin kasuwa. Saura kwana goma sha biyu.

Ranar na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Waɗanda suka daina gaishe ni suka tafa mini. Sai wani ya tambaya wane gari ne, mai takarda ya duba ya ce, "Gure." Aka fashe da dariya, aka ce, "Madam, ashe mutanen garinku ne." Na yi dariya tare da su, na karɓi takardar don in nuna ban ji komai ba. Ina bin jerin da ido, a shafi na biyu, sai na ga lambar da na sani kamar yadda na san sunana. Lambar Kawu ce.

Kawu ƙanen Inna ne, shi ke riƙe da shanun gidanmu tun kafin a haife ni. Da ruwa ya sauka, manoma suka yi shuka, sai ya kaɗa dabbobi ya yi arewa da iyalinsa, can inda babu gona kuma babu rezo, waya ba ta kamawa, ba ya dawowa sai an kawar da amfanin gona. Mutum ne da ko goron wani ba ya ɗauka sai an miƙo masa. Ɓarawon kira kuwa, ko a mafarki.

Amma ba wannan ya fi tayar mini da hankali ba. Kawu yana da ɗa namiji guda, sa'ana, wanda ya ƙetare hamada neman aiki shekaru da suka wuce. Bai yi lakwal ba, ba ya rubutu. Kafin ya tafi ya haddace lamba ɗaya tak, ta ubansa, yana rera ta kamar karatun allo. Lokacin Inna ba ta da waya, ni kuma na sauya lamba da na kama aiki. Da farko yana kira duk wata. Daga baya kiran ya ja baya, sannan ya ɗauke ɗif. Shekara biyu ke nan ba labari. Wasu sun fara yi wa Kawu maganar haƙuri a kaikaice, shi kuwa amsarsa ɗaya ce: "Ya san lambar." In aka rufe layin nan aka ba wani a Tawa ko Doso, ranar da ɗan Kawu ya samu damar kira, baƙo zai ɗauka ya ce masa ba nan ba ne.

Na shiga biron shef ɗina, wato ofishin shugabana, wani dattijo mai sanyin magana wanda bai taɓa ɗaga murya ba ko da ordinatoci sun tsaya cak. Na ce ina son in je in gani da idona kafin a rufe. Ya ce, "Jiya ke ce kike cewa a bar na'ura ta yi aikinta, a daina sa son rai." Na ce na faɗa. Ya sa hannu a takardar tafiya, ya ce in dawo kafin reniyon ƙarshen wata, don shi ba zai iya tsayar da abin ba da bakinsa kawai.

Wuni guda cur na yi a kar, babbar motar haya, kafin Damagaram, na kwana, washegari na kama hanyar Gure. Tuddan yashi sun yi kore, kwaruruwa sun cika da ruwa, amma ni ban ga kyansu ba. Duk hanya tunani ɗaya nake yi, cewa wani ɗan iska ya yaudari Kawu ya karɓe masa pis, wato ɗan katin nan da ake sa wa waya. Har na shirya maganganun da zan gaya masa in na kama shi.

Taswirar inda wayar take, wadda na taho da ita daga kamfani, ta kai ni bakin kasuwa, gefen masu saida igiya da akala. Wata rumfa ce ta zana, da pano biyu na sola a kan rufi suna shan rana, da tebur cike da wayoyi ana yi musu caji. Mai rumfar tsoho ne siriri, da tabarau ɗaure da zare. Na san fuskarsa, tun ina yarinya yake gyaran rediyo a wurin. Na gaishe shi sama-sama, na ce daga kamfani nake.

Ya ce, "Daga kamfani kike, ko daga gidan mai dabinon kwarin gabas? Ba ke ce kika fasa mini gilashin fitila ba kina shekara bakwai?"

Duk maganganun da na shirya suka gudu. Na zauna a kan benci na sake gaisuwa, wannan karon yadda ya kamata, har da tambayar iyali da ruwa. Sannan na ce, "Baba, akwai wata waya a nan da layuka da yawa ke shiga cikinta."

"Akwai," in ji shi, ko gezau. Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani babban gwangwanin madara, ya buɗe, ya zazzage a kan tabarma. Ƙananan ƙulli ne na takarda, fiye da ɗari, kowanne an naɗe shi tsaf kamar laya. A bayan kowanne an yi zane da biro: wani sanda biyu da ɗigo, wani baka, wani kamar tsani. Ban ga suna ko ɗaya ba.

Ya ce, "Ku ne kuka ce layin da ya yi wata uku ba a taɓa shi ba ya mutu, ko ba ku ba ne?"

Mu ne. Dokar ta girme ni a kamfanin, amma ni na ɗauke ta na sa a sabon zane ba tare da na tambayi kowa ba, har na ja mata layi a ƙasa.

"To makiyayi wata huɗu yake yi a arewa, wani biyar. Can babu rezo. In ya tafi da pis a aljihu, a aljihun zai mutu. Shekarun baya mutane sun yi ta dawowa suna tarar da lambarsu a hannun wani. Mai saida raƙumi ya rasa dillalinsa, mace ta rasa ɗanta da ke Diffa. Sai wani daga Kelle ya ce, Baba, riƙe mini nawa, ka riƙa tada shi. Daga shi sai wani, sai wani daga Bune. Yanzu ga su nan." Ya ɗauko wata tsohuwar waya da aka ɗaure da roba. "Duk tsayuwar wata nakan zauna bayan azahar, in sa wannan, in kira ɗaya wayar tawa, in ɗauka, in ce salamu alaikum, in amsa wa kaina, in kashe. In cire in sa na gaba. Kwana biyu nake yi ina gaida kaina. Maƙwabta har sun daina dariya."

Na tambaye shi yadda yake gane na kowa, tunda babu suna. Ya dube ni ta saman tabarau. "Suna? Masu suna iri ɗaya nawa ne a kasuwar nan? Ke ɗiyar gidan shanu ce, dubi da kyau." Na duba. Zanen da ke bayan takardun shaidar dabbobi ce, irin wadda ake yi wa saniya ko raƙumi da wuta a cinya, kowane gida da tasa. Ban yi minti guda ba na tsamo ƙafar hankaka da ɗigo a ƙasa, shaidar da na buɗi ido na gani a jikin shanunmu. Ni na yi wata takwas ina faɗa a Yamai a kan yadda za a gane mutum ɗaya ba a haɗa shi da wani ba. Kunya ta kama ni har wuyana.

Na gaya masa gaskiya, cewa nan da kwana tara za a rufe su duka, kuma aikina ne ya tono shi. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya dai fara mayar da ƙullin cikin gwangwani ɗaya bayan ɗaya. Sai na ce, "Baba, ba ni na Kawu. In na sa shi a wayata na tafi da shi Yamai, zan san yadda zan yi in fitar da shi daga jerin."

Ya miƙo hannu ya karɓe ƙullin daga hannuna a hankali. "Wanda ya ba ni, shi zan ba. Amana ce. Kuma in kin tsamo na kawunki, sauran fa? Mai raƙuman Kelle in ya sauko, in ce masa me? In ce nasa ba shi da ɗiya a kamfani?"

Na bar rumfar raina a ɓace, da shi da kaina. A gida na sauke fushin a kan Inna. Na ce shekara nawa ana wannan abu a garin nan, ba wanda ya gaya mini, alhali ina cikin kamfanin? Ta ce, "Kin taɓa tambaya? In kin zo, kwana uku ne, biyu kina barci, ɗaya kina kallon ordinatarki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an shiga an tambaye shi." Ta ce Kawu ya so ya bar mata pis ɗin, ta ƙi, don abin ya yi ƙanƙanta, tana tsoron kaza ta haɗiye. Sannan ta ce, "Ranar da zai tafi sai da ya koma rumfar nan sau biyu, wai ya ga ko an naɗe da kyau." A nan ne na ji tsoro sosai. Kawu yana can inda ba a iya kiransa, hankalinsa kwance, bai san ɗiyar ƴar'uwarsa ce ke shirin rufe masa ƙofa ba.

Washegari na koma na roƙi tsohon ya bar ni in ɗauki hoton ƙullin a baje a kan tabarma. Ya yarda, bayan ya juya su yadda ba za a ga pis ko ɗaya ba sai shaida.

A reniyon ƙarshen wata na haska hoton a bango na ba da labari. Shugaban sashen zamba ya ce labarin ya yi daɗi, amma shi ba da tatsuniya yake aiki ba, kowane ɓarawo yana da tsohon da zai nuna. Wata daga sashen ciniki ta ce lambobi ba su da yawa, hukuma ce ke ba mu su a ƙirge, ba za mu zuba ido suna barci a gwangwani ba. Maganarta gaskiya ce, shi ya sa ta fi ba ni haushi. Na miƙe na ce dukanmu nan ba wanda ya taɓa kwana inda babu rezo, mun zauna cikin sanyin na'ura mun yanke cewa wanda bai yi magana wata uku ba ya mutu. Na ƙara da wasu maganganu da ba sai na maimaita ba. Na ga alamar na ɓata rawata da tsalle.

Shef ɗina ne ya cece ni. Ya ce, da muryar nan tasa kamar mai tambayar kuɗin goro, "Madam, zauna. Yanzu ɗakunan nan uku suna ganin juna, ko ba haka ba? To ku tambaye su abu biyu. Layukan nan, bara bayan kaka, ina suka shiga? Sannan Gure kaɗai ke da irin wannan waya?"

Ban taɓa tunanin haka ba, fushi ya rufe mini ido. Muka nemi awa biyu, ni da abokan aikina muka koma biro muka tambaya. Amsar ta fito fes. Bara, da aka kawar da gero, layukan sun fita daga tsohuwar wayar ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya koma wayar mai shi, suka bazu kasuwanni da rijiyoyi, suna kira suna amsawa har ruwa ya sake sauka. Kowanne kuma yana kan sunan mai shi da katinsa na ɗan ƙasa. Ɓarawo ba ya tafiya hutun rani. Tambaya ta biyu kuwa ta fi ba mu mamaki. Akwai irin wannan waya a garuruwa da dama, duk a jere a bakin iyakar noma da kiwo, daga gabas har yamma. Ba wanda ya koya wa wani. Kowane gari ya samu tsohonsa da gwangwaninsa.

Da muka dawo da wannan, shugaban sashen zamba ya daɗe yana kallon allo, ya ce, "To." Mutumin kirki ne, ya janye takardarsa da kansa. Aka dakatar da rufewar a ranar, saura kwana ɗaya.

Abin da ya biyo baya ya fi wuya, kuma babu tafi a cikinsa. Zanen da na yi ya san hali biyu ne kawai ga mai layi, ko yana raye ko ya mutu. Dole aka ƙara na uku. A takardu an ba shi wani dogon suna na Faransanci, amma a tsakaninmu "ya tafi kiwo" muke cewa. Mutum zai sanar kafin ya tafi, layinsa ya yi barci, ba a ba kowa, har ya dawo. Na nemi shekara guda, aka ba ni wata bakwai, sashen ciniki ba su yarda da fiye da haka ba. Ƙaramin abu ne a baki, amma ya taɓa dukan ɗakunan uku, ya ture jadawalin da na yi alfahari da shi da fiye da rabin shekara. Na sake zanen daga tushe, ina yi ina tsaki. Kafin a gama ginawa, aka rubuta masu ajiyar a matsayin sanannu, don kada na'ura ta sake kama su. Aka kuma sa a tsarin, da hannuna na rubuta, cewa ba za a kafa wata doka a kan masu layi ba sai wani daga cikinmu ya je ya zauna a kasuwar ƙauye ya tambaya.

Na kira tsohon na gaya masa nan gaba zai huta da gaida kansa. Ya ce, "Madalla. Amma za su kawo dai. Sun fi yarda da gwangwani."

Wata biyu bayan haka, gero ya fara nuna, ina biro da rana sai ga kiransa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. Ya ce ya sa pis mai ƙafar hankaka, kafin ya kira kansa sai saƙo ya shigo, irin wanda kamfani ke turowa in an neme ka waya tana kashe. Shi ba ya karanta Faransanci, amma ya san lambobi. Ya karanto mini. Lambar ƙasar waje ce, daga arewa, kuma sau uku aka kira, kwana tara da suka wuce.

Na ce, "Baba, kira mana! Kira yanzu!"

Ya ce, "Ba ni aka kira ba."

Na so in yi ihu. Na rubuta lambar a tafin hannuna, na ɗauki wayata, na danna rabi, na tsaya. In muryar ɗan Kawu ce, ba ni ya kamata in fara ji ba. In kuma wani ne ya kira don ya faɗi mummunan labari, ban san yadda zan riƙe shi ni kaɗai ba har Kawu ya sauko. Na ajiye wayar. Tsohon ya ba da saƙo ta hannun masu kai gero arewa a mota, daga rijiya zuwa rijiya, cewa a gaya wa mai ƙafar hankaka ana nemansa a kasuwa. Ni kuma na nemi hutu na kama hanya.

Kwana shida muka yi muna jira. Inna ta daina cin abincin kirki, ni ma haka, amma kowa na cewa ɗan'uwansa ya ci. A rana ta bakwai da hantsi Kawu ya iso a bayan wata mota, ya bar shanu a hannun surukinsa. Ya rame, rawaninsa ya yi ja da ƙasa. Bai biya gida ba, rumfar ya nufa, aka aiko aka kira mu. Muka tarar da shi zaune a kan benci, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Tsohon ya buɗe gwangwani, ya ɗauko ƙullin, ya nuna masa shaidar kamar yadda yake yi wa kowa, ya ce, "Naka ne?" Kawu ya ce, "Nawa ne." Sannan ya kwance, ya sa a waya, ya danna lambar, ya miƙa masa.

Ta yi ƙara sau ɗaya, sau biyu, har sau biyar. Inna ta kama gefen zanena ta murɗe. Sai aka ɗauka. Daga inda nake tsaye ina jin hayaniyar injin a can, da wata murya da ta yi sallama da Larabci, sannan ta ce da Hausar Gure, "Baba?"

Kawu ya gyara zama. Ya ce, "Na'am. Ina kwana? Ina gajiya? Yaya aiki? Yaya baƙunta?" Yana jero gaisuwa ɗaya bayan ɗaya kamar jiya suka rabu a bakin rijiya, ba ya ma jiran amsa. Ya ce an samu ruwa bana, ciyawa ta yi kyau, jar saniyar nan ta haihu mace. Ya buɗe baki zai ƙara, maganar ta ƙi fita. Ya gwada sau biyu. Sai ya miƙa wa Inna wayar, ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, a tsakiyar kasuwa, gaban masu igiya da akala.

Inna ta kara wayar a kunne tana kuka tana faɗa, tana tambayarsa ko hannunsa ne ya karye shekara biyu. Ina jin muryarsa yana rantsuwa, wai an tsare su a wani wurin aiki, an karɓe musu wayoyi, sai kwanan nan ya samu fita. Ya ce duk tsawon lokacin, kullum bayan sallar asuba sai ya karanta lambar sau uku don kada ta ɓace masa.

Kawu ya ji wannan ta cikin rawani. Ya sauke shi, ya share ido da bayan hannu, ya miƙa hannu a ba shi wayar. Ya ce, "To ka ci gaba da riƙe ta. Tana nan."